Kwikwiyon da aka ba mu kyauta

Sau biyu aka haura mana katanga a daminar 2024. Karo na farko suka kwance injin jan ruwa na rijiya, karo na biyu suka kora awaki biyu da uwargida take kiwo. Unguwarmu sabuwa ce a gefen Zariya, gidaje jefi-jefi, tsakaninmu da maƙwabci na kusa akwai kangwaye uku da gonar masara. Muna biyan kuɗin 'yan sintiri duk wata, amma su huɗu ne, unguwar kuwa ta fi ƙarfin mutum huɗu. Ban taso a gidan da ake ajiye kare ba, ban kuma taɓa sha'awarsa ba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ne ya same ni.

Da na kawo maganar, uwargida ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Malam, ni ban hana ba. Amma ba zai shigar min ɗaki ba, ba zai taɓa min kwano ba, ba zai je inda muke alwala ba. Kuma ba ni zan yi wahalarsa ba." Na amince da duka huɗun. Uku na farko mun riƙe su har yau. Na huɗun ne ya gagara, zan zo kansa.

Hajiya mahaifiyata ita ce ta fi tsanani. A waya ta ce da ni, "Kai yanzu da hankalinka za ka kori mala'iku daga gidanka?" Maganar ta tsaya min a rai, don haka bayan sallar isha'i na tsaya wajen limamin masallacinmu na faɗa masa halin da ake ciki. Ya karanto min hadisin da ya ce wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, ladansa na raguwa kullum, ya ce malamai da yawa sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan waɗannan ukun idan akwai buƙata ta gaske. Ya ce a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma idan ya sa baki a ƙwarya a zubar da ruwan a wanke ta sau bakwai. Sai ya ba ni labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare. Da aka ce masa ai Imamu Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Da zan tafi liman ya riƙe hannuna ya ce, "Amma ka sani, ranar da ka ɗaure shi, cinsa da shansa sun hau wuyanka. Ka tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwa." Na kai wa Hajiya wannan bayani. Ba ta ce ta yarda ba, ta dai daina maganar. Da na ba yara labarin zakin, nan take suka raɗa wa karen da ba a kawo ba tukuna suna Zaki.

Wani abokin aikina yana da yaya mafarauci a wani ƙauye ta hanyar Giwa, karyarsa ta haifi 'ya'ya shida. Ranar wata Asabar a watan Nuwamba muka je. Mutumin ya shiga bayan rumbu ya fito da biyu a hannu, ya ce in zaɓa. Na ɗauki jan, mai farin ƙirji, don shi ne ya fi motsi. Ya ƙi karɓar ko sisi, sai da na matsa ya amshi naira 2,000 kuɗin goro. A hanyar dawowa, da kwali a kan cinyata, lissafina shi ne na sami mai gadi a araha.

Daren farko babu wanda ya runtsa. Sanyin hunturu ya fara sauka, shi kuma ya saba kwana cikin 'yan'uwansa a jikin uwa. Kuka yake yi siriri, ba tsayawa, irin wanda ke shiga har cikin kai. Ƙarfe biyu na dare na fita da tocila na same shi ya fito daga kwalin ya cusa kansa cikin takalmina yana rawar sanyi. Na shimfiɗa masa tsohon buhu da tsumma, na cika gora da ruwan ɗumi na naɗe ta a zane na ajiye masa. Ya lafe a jikinta ya yi shiru na kamar awa ɗaya, da ta huce ya dasa daga inda ya tsaya. Haka muka yi kwana huɗu.

Kuskurena na farko madara ce. Na ga jariri ne, sai na dama masa madarar gari da kauri. Kafin yamma gudawa ta ɓarke. Washegari na nufi asibitin dabbobi, a nan ma na koyi wani abu: masu Keke Napep uku suka tsaya, kowanne da ya leƙa kwalin sai ya ja kekensa. Na huɗun ya yarda bisa sharaɗin in ɗauki shata.

Likitan ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ce bai wuce mako biyar ba, an raba shi da uwa da wuri. Kamata ya yi a bar shi ya cika mako takwas. Ya ce madarar shanu ba ta karɓar cikin yawancin kwikwiyoyi. Ya danna ƙaton cikin nan da nake ɗauka ƙoshi ne, ya ce tsutsa ce fal, kuma kusan duk kwikwiyo da ita yake zuwa, daga uwa yake ɗauka tun a ciki ko ta nono. Ya ɗura masa maganin tsutsa, ya buɗe masa kati, ya rubuta min jadawali: maganin tsutsa duk mako biyu har ya cika wata uku, sannan duk wata har wata shida, daga nan duk wata uku. Allurar riga-kafi mai haɗe da cututtuka biyar sau uku, tsakanin kowacce mako uku zuwa huɗu. Allurar ciwon haukan kare idan ya cika wata uku, a kuma maimaita duk shekara. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin wata magana: kada ya fita waje, kada ya cuɗanya da wani kare, sai an gama alluran. Ya kuma ce duk inda zan yi allura in tabbatar a gabana aka ciro ta daga firji, don riga-kafin da ya sha zafi ruwa ne kawai. Ta haukan kare, in ji shi, har a nan gida ana yin ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato.

Ranar na sayi ƙaramin littafi na fara rubuta duk abin da na kashe.

Abu mafi tsada a watan farko ɗakinsa ne. Na so in ɗaure shi a gindin mangwaro kawai, likita ya ce karen da ya tashi a sarƙa dare da rana ko dai ya zama matsoraci ko ya zama mugu, kuma ƙasa mai laima gidan tsutsa ce. Sai na kira birkila. Bulo 70, siminti buhu uku a lokacin da buhu ya haura naira 7,000, yashi, kwanon rufi huɗu, da ƙofar ƙarfe daga wajen mai walda. Muka yi shi can ƙuryar gida, nesa da madafa da wurin alwala, aka yi daɓen da gangara zuwa magudana don wanki ya yi sauƙi. Da kuɗin aiki ya tashi naira 118,000. Uwargida ta kalli ginin ta ce, "Malam, kuɗin awakin da aka sace kenan." Gaskiya ta faɗa.

An yi masa allura ta farko a ƙarshen Nuwamba. Ta biyu ta faɗo a tsakiyar Disamba, ni kuma a lokacin aljihu ya yi ƙasa, ga kuɗin makarantar yara na Janairu a gaba. Na dube shi yana tsalle, gashinsa na sheƙi, na ce a raina mako biyu ko uku ba za su yi komai ba. Mako ukun suka zama biyar. A cikinsu ne babban ɗana, mai shekara goma sha uku, ya ɗauke shi ya kai shi fili don abokansa su gani. Ban yi masa faɗa sosai ba daga baya, don laifin nawa ya fi nasa girma.

Wata safiya Zaki ya ƙi cin abinci. Da rana ya fara amai, farin kumfa. Da magariba gudawa ta zo da jini, da wani irin ƙarni da ban taɓa jin kamarsa ba, wanda har yau in na tuna sai cikina ya motsa. Kafin gari ya waye idanunsa sun faɗa, in ka ja fatar wuyansa sai ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Likita bai gama jin bayanina ba ya ce cutar fabo ce, ƙwayar cuta mai cin hanjin kwikwiyo, ita ce ɗaya daga cikin biyar ɗin da allurar ke karewa. Ya ce babu maganin da ke kashe ta. Abin da ake yi shi ne a riƙe jikin da ƙarin ruwa da maganin amai da na kashe ƙwayoyin da ke biyo baya, har jikin ya yi yaƙinsa da kansa. Ya buɗe katin, ya ga gurbin allura ta biyu babu komai, ya ɗago ya dube ni. Bai ce komai ba.

Kwana biyar muka yi muna zarya safe da yamma. Aka aske masa gashin ƙafar gaba aka sa allurar ƙarin ruwa, aka naɗe da filasta. Ni ke riƙe kansa, ɗana yana riƙe ƙafar don kada ta motsa, ledar ruwan na rataye a ƙusa tana ɗiga a hankali. Jikinsa ya koma kamar tsumma, ana ƙirga haƙarƙarinsa da ido. A rana ta uku yaron ya ɗago da jajayen idanu ya ce, "Abba, idan ya mutu ni na kashe shi ko?" Na ce masa a'a, ni ne ban kai shi allura ba. Ban taɓa zaton zan tsaya ina roƙon Allah ya tashi kafaɗun kare ba, amma na roƙa. A rana ta biyar da asuba uwargida ce ta tashe ni. Ta ce ta leƙa ta ga ya ja jiki ya je bakin kaskonsa yana lasar ruwa. Ita da ta ce ba ruwanta da shi, ashe ta riga kowa fita dubawa.

Jinyar ta ci naira 70,000, fiye da kuɗin duk alluransa da maganin tsutsarsa na shekara in an haɗa. Bayan haka sai wanke gida. Likita ya ce ƙwayar cutar na yin watanni a ƙasa da rai, sabulu ba ya kashe ta, sai bilic. Muka ƙone buhunan shimfiɗarsa, muka wanke daɓen da kaskon da takalmanmu da Hypo. Ya kuma gargaɗe mu kada wani ya kawo kwikwiyon da ba a gama wa allura ba gidan. Da ya murmure aka ƙarasa alluran, aka yi ta haukan kare a watan Fabrairu. Tun daga nan ranakun suna rubuce a jikin kalandar falo da jan biro.

Abinci shi ne kuɗin da ba ya ƙarewa. Mutanenmu sun ɗauka kare da ƙanzo da ragowar tuwo yake rayuwa, kuma haka na ɗauka. Amma miyar gidanmu ba ta rabuwa da albasa, albasa kuwa tana lalata jinin kare a hankali. Ƙashin kaza da aka dafa yana tsagewa ya soke hanji. Abincin kanti na buhu na tambayi kuɗinsa sau ɗaya, ban sake tambaya ba. Abin da muka tsaya a kai shi ne garin masara, da waken suya da aka soya aka niƙa, da burbuɗin busasshen kifi da ake sayarwa a mudu, sai ƙashi da tarkacen nama daga wajen wani mahauci da na yi ciniki da shi duk Laraba da Asabar. Yana ƙarami sau huɗu yake ci a rana, ya koma uku, yanzu biyu. A wata abin yana kamawa tsakanin naira 15,000 zuwa 20,000, gwargwadon yadda masara ta kwana a kasuwa.

To wa ke dafawa? Ni ina fita ƙarfe bakwai, yara suna makaranta. Tukunya daban ce, muciya daban, kuma wuta ce ta biyu bayan an sauke ta mutane. Sharaɗin nan na huɗu haka ya narke ba tare da an yi shawara ba, aikin ya koma kan wadda ta ce tun farko ba nata ba ne. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk lamarin, kuma ba ya cikin littafin lissafi. Sai da na ga tana tuƙa tuwon kare da azumi a bakinta, bayan ta gama na buɗa-baki, sannan na farga. Daga nan muka canza tsari: ni ke dafa na kwana uku ranar Lahadi da Laraba da dare a sa a firji in akwai wuta, babban ɗana ke kwashe kashi ya wanke ɗakin kafin ya tafi makaranta, ƙanensa ke canza ruwa. Ba kullum tsarin ke tafiya daidai ba, amma an rage mata.

Ɓarnar ƙuruciya kuwa an sha ta. Takalma uku, tiyon ban ruwa, da wayar cajin da aka bari a baranda. 'Yan tsaki biyu ya kashe da wasa. Ranar na ɗauki bulala, sai na tuna abin da mafaraucin nan ya faɗa min: karen da aka saba duka hannunka yake kallo, ba ya jin muryarka. Na ajiye. Abin da ya yi aiki shi ne maimaici, kalma ɗaya kullum daga bakin kowa, "zo", "zauna", "bari", da ɗan guntun kifi in ya yi daidai. Wata biyu muka yi kafin ya bar kaji su wuce ta gabansa.

Akwai kuma tsadar da ake biya a wajen mutane. Almajirin da ke zuwa karɓar abincin dare ya daina shigowa, sai dai a miƙa masa a ƙofa. Matan da ke zuwa wajen uwargida sai sun buga waya daga waje a tabbatar musu an kulle shi. Wani dattijo a masallaci ya daina ba ni hannu in ya ga na fito daga gida da jiƙaƙƙen hannu. A watan Afrilu ɗan maƙwabcinmu mai shekara bakwai ya shigo da gudu bin ƙwallo, Zaki ya bi shi, haƙori ya karce shi a sha-raɓa. Ciwon bai fi tsawon ƙwayar ashana ba, amma jini ya fito. Na zaunar da yaron a bakin famfo na wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti goma sha biyar cur, kamar yadda likita ya koya min tun ranar farko, ina duba agogo. Sannan na ɗauki katin allurar na tafi wajen mahaifinsa da kaina kafin labari ya riga ni. Muka kai yaron asibiti tare, aka fara masa allurar riga-kafi, ni na biya, naira 45,000 gaba ɗaya. Aka ce a killace karen a sa masa ido kwana goma. Ban ga laifin uban ba da ya yi kwana goman nan ba ya amsa gaisuwata da kyau. Ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan babu tashi, kuma yara ne ya fi kamawa. Da ɗana ne, da na fi shi ɗaure fuska. Daga ranar aka sa sakata ta biyu a ƙofar gida, kuma ba a sakin Zaki sai bayan sallar isha'i.

Da Sallah ƙarama, ƙarshen Maris, iyali suka tafi gaishe da Hajiya suka kwana uku, ni na dawo a ranar, don babu wanda zan ce wa ya zo ya ciyar min da kare. Da damina ta sauka sai kaska, a kunnuwa da tsakanin yatsu, sai wanka da magani duk mako biyu. Wata rana na ga wasu ƙuraje a cikinsa, kowanne da ɗan rami a tsakiya. Likita ya matsa ɗaya, sai ga farar tsutsa mai ƙiba ta fito. Ƙuda ne ke yin ƙwai a ƙasa inda kare ke kwanciya. Goma sha ɗaya aka cire masa a zama guda.

Gadin da aka kawo shi dominsa kuwa bai fara ba sai da ya kai wata takwas. Kafin nan duk wanda ya shigo kaɗa masa bindi yake yi. Wani dare a watan Yuni, ana yayyafi, na ji wata murya mai kauri da ban san yana da ita ba, yana haushi yana kai gwauro yana kai mari a bakin katangar baya. Na haska tocila ban ga kowa ba. Da safe na zagaya na ga sawun takalmi a cikin taɓo, da bulo biyu da aka jingina a jikin katangar. Tun daga nan ba a sake haura mana ba. Ko don shi ne, ko don an ƙara gina gidaje biyu a layin, Allah ne masani.

Da Nuwamba ta zagayo na haɗa lissafin littafin: naira 507,000, fiye da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 har na wata bakwai. Ban sa kuɗin takalma da 'yan tsaki ba. Hajiya ta zo ta yi mana mako guda a watan, ba ta taɓa zuwa kusa da ɗakinsa ba, amma sau biyu na ji tana tambayar jikanta, "Kai, an ba wa dabbar nan ruwa kuwa? Rana ta yi zafi."

Makon jiya maƙwabcin nan da aka karci ɗansa ya tare ni bayan sallar asuba. An shiga kangonsa an kwashe masa rodi. Ya ce, "Malam, ko za ka raka ni ƙauyen nan in samo ɗaya?" Na ce zan raka shi, amma ba za mu ɗauko wanda bai cika mako takwas ba, kuma sai ɗakin ya bushe tukuna. Na shiga gida na ɗauko masa littafin lissafin da katin asibitin, na ce ya karanta tare da maiɗakinsa. Jiya da yamma ya turo birkila ya zo ya auna ɗakin Zaki.